Darasi: Zaƙami, LSD da Abin da Suke Yi wa Ƙwaƙwalwa

Duk wanda ya tashi a Jega, ko Aliero, ko Maiyama ya san zaƙami, ko da bai taɓa riƙe shi a hannu ba. Yana fitowa a juji da kango da bayan gari, ba wanda ya shuka shi, ba wanda ya yi masa ban-ruwa. Furensa dogo ne mai buɗaɗɗen baki, 'ya'yansa kuma dunƙule suke da ƙaya-ƙaya a jiki, cike da iri. Wasu na ce masa haukata-yaro. An sha jin yadda ake jefa shi cikin zoɓo ko kunun aya a wurin biki, samari su sha, dare ya raba ana kama wannan ana danne wancan.

A 'yan shekarun nan kuma wani labari na yawo a rediyo da wayoyin hannu: wai a Amurka da Ingila da Ostireliya likitoci na gwada magungunan da ke sa mutum ya ga abin da babu, suna maganin ciwon damuwa da su, har ma wai suna sa ƙwaƙwalwa ta yi sabon toho. Akwai ƙamshin gaskiya a labarin. Matsalar ita ce saurayin da ya ji rabinsa zai iya cewa, ashe abin da ake hana mu magani ne. To, kama da wane ba ta wane. Abubuwa biyu za su iya juya wa mutum gani da ji, amma inda kowannensu ya taɓa a ƙwaƙwalwa ya bambanta, kuma daga nan ake gane wanda zai saki mutum da safe da wanda zai iya kai shi kabari. Sai mun shiga cikin kai sannan za mu ga wannan bambancin.

Yadda saƙo ke tafiya a cikin kai

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta wuce kilo ɗaya da rabi ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci. Masu cin wannan ƙarfin wasu ƙananan ƙwayoyin halitta ne da ake kira niyuron, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Yawansu a kan mutum ɗaya ya kai kimanin biliyan 86, wato sun ninka mutanen duniya fiye da sau goma. Kowace niyuron tana da jiki a tsakiya, da rassa masu yawa da take karɓar saƙo da su, da dogon zare guda da take aika nata. A cikinta saƙo na gudu ne a matsayin ɗan ƙaramin lantarki.

An daɗe ana zaton zaren nan duk a haɗe suke, har sai da wani likita ɗan ƙasar Sifen, Santiago Ramón y Cajal, ya nuna cewa kowace niyuron zaman kanta take yi. An ba shi lambar yabo ta Nobel a 1906. Tsakanin niyuron da maƙwabciyarta akwai 'yar rata, ƙanƙanuwa ƙwarai, sai an jera dubbanta kafin su kai kaurin gashi guda. A mafi yawan mahaɗun nan lantarki ba ya iya tsallakewa.

Ku ɗauki gulbin Zamfara idan ya cika da damina. Mai saƙo ya iso bakin ruwa, ƙafa ta ƙare, dole ya miƙa saƙon ga mai fito. Kwalekwale ya haye, ya tsaya a mashigi, wani ya karɓa ya ci gaba da tafiya. Haka abin yake a cikin kai. Idan lantarki ya iso ƙarshen zare, sai niyuron ta saki wani sinadari ya haye ratar. A ɗaya gaɓar akwai mashigai da aka ƙera da furotin, kuma kowane sinadari yana da irin mashigin da ya dace da siffarsa. Da ya shiga, sai niyuron ta biyu ta motsa, ko kuma ta yi tsit, ya danganta da irin mashigin. Daga nan a kwashe sinadarin nan take don a ba saƙo na gaba hanya.

Wanda ya fara tabbatar da haka Otto Loewi ne, a 1921, da zuciyar kwaɗi guda biyu. Ya tsokani jijiyar ta farko har bugunta ya ragu, ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyu, ita ma sai ta rage bugu. Ke nan wani abu ne ya fita daga jijiyar ya shiga ruwa. Abin shi ne asetilkolin. Ku riƙe sunan, za mu dawo kansa. Yanzu an san irin waɗannan sinadarai da dama: gulutamet mai tayar da niyuron, GABA mai kwantar da ita, dofamin, serotonin da sauransu.

Abin maye, ko wane iri ne, a bakin ruwan nan yake aikinsa. Wani ya yi shigar mai fito ya kai saƙon da ba wanda ya aiko. Wani ya tare mashigi ya hana saƙon gaskiya sauka. Wani kuma ya hana a kwashe sinadarin, saƙo ɗaya ya yi ta maimaituwa.

LSD da danginsa

Rukunin da labaran ƙasashen waje ke magana a kai su ne waɗanda masana ke kira saikedelik. Babbansu LSD ne. Wani masanin haɗa magunguna, Albert Hofmann, ya haɗa shi a kamfanin Sandoz da ke birnin Basel na ƙasar Siwizalan a 1938, daga wata funfuna da ke kama zangarniyar hatsin Turai. Dangin funfunar nan na kama gero da dawa a ƙasashenmu. Yana neman maganin ƙarfafa numfashi da zagayawar jini ne, bai ga abin da yake so ba, aka ajiye shi shekara biyar. Ranar 16 ga Afrilu 1943 ɗan kaɗan ya shiga jikinsa bisa kuskure, ya ji wani iri. Ranar 19 ga wata sai ya sha da gangan, kashi ɗaya cikin huɗu na miligiram, yana ganin ya ɗauki mafi ƙanƙanta. Da ƙyar ya kai gida a kan keke. Kayan ɗaki suka riƙa murɗewa a idonsa, maƙwabciyar da ta kawo masa madara ya gan ta a siffar mayya, ya ɗauka haukacewa yake ko mutuwa. Da gari ya waye ya tashi garau, kuma ya tuna komai.

Tun kafin Hofmann akwai al'ummomin da suka san irin wannan a tsirransu. Mutanen Mazatek na kudancin Meziko suna cin wata laimar kwaɗi a bukukuwansu na gargajiya. Labarinta ya bazu a 1957, a 1958 Hofmann ya tace sinadarin da ke cikinta, silosaibin. Akwai kuma meskalin, daga wani tsiron hamadar Meziko da ake kira peyote, wanda Bajamushe Arthur Heffter ya tace a 1897. A 1971 aka ƙulla yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin Biyana wadda ta sa su cikin abubuwan da aka fi tsananta hani a kansu. Dokar da ta kafa hukumar NDLEA a 1989 ta ambaci LSD da suna, kusa da hodar iblis. A Nijeriya dai ba su yaɗu ba. Binciken ƙasa na 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 sun taɓa kayan maye cikin shekara guda, miliyan 10.6 daga ciki wiwi ce. Masu shan irin su LSD ba su kai ko kashi ɗaya cikin ɗari na adadin ba.

Me LSD da danginsa suke yi wa niyuron? Siffarsu ta yi kusa da ta serotonin. Shi serotonin wani ɗan gungun niyuron ne a gindin ƙwaƙwalwa ke yin sa, zarensu kuma ya bazu kusan ko'ina a kai, yana da hannu a barci da cin abinci da yanayin rai. Mashigansa iri 14 ne. Wanda ya shafe mu shi ne mai lamba 5-HT2A, wanda ya fi yawa a ɓawon ƙwaƙwalwa, wato shimfiɗar nan ta sama mai lanƙwashe-lanƙwashe inda ake tunani da gane abin da ido ya gani. Kaurin ɓawon bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba, amma hawa shida ne. A hawa na biyar akwai wasu manyan niyuron masu dogon zare, masu kai saƙo zuwa sassa masu nisa, kuma rassansu cike suke da wannan mashigi.

Idan LSD ya sauka a nan, manyan niyuron ɗin sai su zama masu saurin tashi, abin da bai kai ya motsa su ba a da yanzu ya isa. Gulutamet ya ƙaru. A lokacin lafiya miliyoyin niyuron na bugawa tare bisa tsari, kuma ana iya auna wannan bugun daga fatar kai. Da maganin ya shiga, tsarin ya warware. Masu bincike a Kwalejin Imperial ta Landan, ƙarƙashin David Nutt da Robin Carhart-Harris, sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutanen da aka ba silosaibin a 2012, da LSD a 2016. Sun ga sassan da suka saba aiki tare sun sassauta, waɗanda kuma ba su cika hulɗa ba sun shiga aika wa juna saƙo. Sashen gani da ke ƙeya ya riƙa samun saƙo daga wuraren da ba su saba aiko masa ba, shi ya sa mutum ke ganin launuka da zane-zane ko ya rufe ido, bango ya riƙa yi masa kamar yana numfashi. Sassan da ke riƙe wa mutum sanin cewa ni ne wane, ga jikina ga inda ya ƙare, su ma suka saki, har wasu su ji kamar sun narke cikin abin da ke kewaye da su. Ga wani wannan daɗi ne. Ga wani kuma firgici ne irin wanda bai taɓa gani ba.

Ta yaya aka san wannan mashigin ne? A 1998 Franz Vollenweider na Jami'ar Zurich ya fara ba mutane wani magani mai suna ketansarin, wanda aikinsa toshe 5-HT2A, sannan ya ba su silosaibin. Gane-ganen ba su zo ba. A 2017 kuma a ɗakin binciken Bryan Roth da ke Amurka aka ga cewa idan LSD ya shiga mashigin serotonin, wani ɓangare na furotin ɗin yana rufowa a kansa ya hana shi fita da wuri. Wannan na cikin dalilin da ya sa abin da bai kai ƙwayar gishiri ba ke riƙe mutum awa 8 zuwa 12. Silosaibin yakan saki bayan awa 4 zuwa 6.

Batun sabon toho

Nan ne labarin ya fi ɗaukar hankali, nan ne kuma aka fi ƙara masa gishiri. A jikin rassan niyuron akwai wasu 'yan tsirarun toho, kuma a kansu ne akasarin mahaɗun suke. Ba dauwamammu ba ne. Duk lokacin da kuka koyi sabon abu, kamar yadda kuke koyon karatu a wannan aji da furfura a kanku, wasu na fitowa, wasu na ƙara ƙarfi, wasu na bushewa. An kuma lura a jikin dabbobi cewa doguwar wahala da tsoro na rage yawansu a sashen goshi, kuma akwai alamun haka ga masu ciwon damuwa mai tsanani.

A 2018 David Olson da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka zuba LSD da danginsa a kan niyuron ɗin ɓera da aka raina a faranti. Rassa suka ƙaru, toho ya ƙaru. A 2021 a Jami'ar Yale aka ba ɓeraye masu rai silosaibin sau ɗaya, aka riƙa leƙa niyuron ɗinsu. Cikin awa 24 toho ya ƙaru da kusan kashi 10 cikin 100, kuma bayan wata guda ƙarin na nan. A 2023 rukunin Olson ya kawo wani bayani: akwai mashigan 5-HT2A a can cikin niyuron, ba a fatarta kaɗai ba. Serotonin na jiki ba ya ratsa fatar cikin sauƙi, waɗannan magunguna kuwa suna narkewa a maiƙo, don haka suna kutsawa su isa ciki. Wataƙila shi ya sa suke sa toho ta hanyar da serotonin ba ya yi.

Duk wannan a ɓera aka gani. Ba a leƙa tohon mutum mai rai haka. Sannan ƙarin toho shi kaɗai ba alheri ba ne, ba sharri ba ne; alama ce kawai cewa ƙwaƙwalwa ta yi laushi na ɗan lokaci, abin da ta gamu da shi a lokacin zai iya kama ta. Firgici ma koyo ne.

A ɓangaren mutane, gwaji mafi shahara an wallafa shi a 2022. An ɗauki mutum 233 masu ciwon damuwar da ta ƙi jin magungunan da aka saba. Bayan mako uku, kashi 29 cikin 100 na waɗanda aka ba cikakken awo na silosaibin sun samu sauƙi sosai, a tsakanin waɗanda aka ba ɗan mitsitsi kuwa kashi 8 ne. Bambanci ne na gaske. Amma ku lura mafi yawa ba su warke ba, bambancin ya ragu kafin wata uku, kuma an samu waɗanda tunanin kashe kai ya taso musu. Ku lura kuma da yadda ake yin gwajin: a tantance mutum, a cire duk wanda ke da taɓin hankali ko yake da shi a dangi na kusa, a auna magani tsantsa da miligiram, a zaunar da ƙwararru kusa da shi har ya sauka, a ci gaba da ganinsa makonni. Ostireliya ta yarda wasu likitocin ƙwaƙwalwa su riƙa ba da silosaibin tun watan Yuli 2023, bisa tsauraran sharuɗɗa. A ra'ayina binciken ya cancanci a ci gaba da shi, amma masu yaɗa labarin sun riga masu binciken isa gida.

Haɗarin LSD da danginsa ba irin na tiramadol ba ne, ba su cika sa jiki ya kamu ya riƙa nema ba. Haɗarin yana wurin abin da mutum zai aikata yana cikin firgici, da tayar da taɓin hankali ga wanda yake da shi a kwance, da kuma wasu 'yan kaɗan da gane-ganen ke dawo musu watanni bayan sun daina.

Zaƙami ba danginsu ba ne

Mu dawo gida. Zaƙami ba ruwansa da mashigin serotonin. Sinadaransa su ne sikofolamin da atirofin da hayosayamin, kuma aikinsu tare mashigan asetilkolin, sinadarin nan na zuciyar kwaɗi. Ba sa kai saƙo. Zama suke yi a mashigi su hana saƙon gaskiya sauka.

A cikin kai, asetilkolin ne ke riƙe hankali a kan abu ɗaya, shi ne kuma ke taimakon sashen da ke ajiye sabon abin da ya faru. Niyuron masu yin sa na cikin waɗanda ke mutuwa a ciwon mantuwa na tsufa, har ma masu bincike kan yi wa ɓera allurar sikofolamin idan suna son su ga yadda mantuwa take. To wanda ya sha zaƙami ya toshe wannan hanya da hannunsa. Bai san inda yake ba, bai san ko rana ce ko dare ba. Yana hira da mutanen da ba sa nan, yana tsintar abin da babu a jikin rigarsa ko a iska, maganarsa ba kai ba gindi. Mai LSD galibi ya san magani ne ke yi masa wasa da ido. Mai zaƙami bai sani ba sam, a wurinsa abin da yake gani shi ne duniya, don haka zai iya taka rijiya yana ganin hanya ce, ko ya diro daga katanga a ƙare da shi wurin masu ɗori a Aliero. Bayan kwana ɗaya ko biyu ya farfaɗo, akasari bai tuna komai ba.

Abin bai tsaya a kai ba, don irin mashigan nan na ko'ina a jiki. Baki ya bushe ƙayau. Baƙin tsakiyar ido ya buɗe, haske ya dame shi, na kusa ya dushe masa, wani lokaci har kwanaki. Zuciya ta yi ta gudu. Fitsari ya tsaya a mafitsara. Mafi muni, gumi ya ɗauke. A ƙasar Kabi, inda zafin Maris da Afrilu kan haura digiri 40, gumi ne kaɗai ke sanyaya jiki. Mutumin da ke ta fizge-fizge a irin wannan rana babu gumi, zafin jikinsa na iya hawa har ya kai ga farfaɗiya, da suma, da mutuwa. Kuma ba wanda ya isa ya ce ya san awonsa, don ƙarfin dafin na bambanta daga wannan tsiro zuwa wancan, daga ganye zuwa iri, daga damina zuwa rani. Abin da aboki ya sha jiya ya tashi, shi wani zai sha yau ya tafi.

Manoman albasa na Aliero da masu noman rani a fadamun Jega da Maiyama suna da wata hanyar gane wannan. Fiya-fiya da magungunan feshi da yawa suna yin kishiyar aikin zaƙami: hana kwashe asetilkolin suke yi, sai ya taru fiye da ƙima. Shi ya sa wanda maganin feshi ya shiga jikinsa yawu ke dalala, gumi ya karyo, baƙin ido ya tsuke, zuciya ta yi sanyi, ƙirji ya cika da majina. Allurar da likita ke ceto shi da ita kuwa atirofin ce, ɗaya daga cikin sinadaran zaƙami. Amma ita a aune take, likita na ba da ita yana duba bugun zuciya da numfashi. Kada wani ya ji haka ya ɗura wa mai gubar feshi zaƙami. Guba biyu zai haɗa masa.

Zaƙami yana da ɗan'uwa a cikin kwali. Ƙwayar nan da samari ke kira Exol, wadda NDLEA ke yawan kamawa, an yi ta ne don masu ciwon karkarwa da kuma rage taurin jikin da wasu magungunan taɓin hankali ke jawowa. Mashigan asetilkolin ɗin nan dai take tarewa. Wanda ya zarce da ita zai samu bushewar baki, da ruɗewa, da gane-gane, da mantuwa.

Wiwi kuwa nata mashigin daban ne. Sinadarinta, THC, wanda Raphael Mechoulam da abokin aikinsa suka tace a 1964, yana sauka ne a ɓangaren niyuron mai aikawa, ya rage sakin saƙo, musamman a wuraren tunawa da auna lokaci. Ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, don haka ɗan shekara goma sha biyar ya fi babba shiga haɗari. Wani bincike da aka yi a wurare 11 na Turai da Barazil, aka wallafa a 2019, ya nuna masu shan ta kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau uku wajen kamuwa da taɓin hankali, masu shan mai ƙarfi kullum kuwa kusan sau biyar. Tiramadol da kodin da sholisho suna da nasu darasin.

Idan an kawo muku shi

A ce an shigo da ɗanku ko ɗan maƙwabta daga wurin biki yana sambatu. Abin da za a fara cewa a gida sananne ne: iska ce, ko an yi masa jifa. Kafin a yanke hukunci, ku taɓa jikinsa. Idan fata ta yi zafi kuma a bushe, baki a bushe, baƙin ido a buɗe ko da an haska fitila, zuciya na gudu, to ku zargi zaƙami ko danginsa. Ku tambayi abokansa me aka sha, cikin lalama, don tsoron duka ne ke sa yara ɓoye gaskiya. “Ɗana, ba faɗa zan yi ba, ran ɗan'uwanka muke nema,” ta fi tsawa saurin buɗe baki.

A kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a riƙa shafa masa ruwa ana yi masa fifita. A nisanta shi da wuta da rijiya da titi, mutum ɗaya ko biyu da ya sani su zauna da shi, a kori 'yan kallo. Kada a ɗaure shi da igiya, don kokawa da ɗauri na ƙara zafin jiki. Kada a ɗura masa madara ko manja, kada a sa shi amai. Wanda hankalinsa ya gushe zai iya shaƙe abin ya tafi huhu. Idan ya suma, a kwantar da shi ta gefe. Sannan a nufi babban asibiti mafi kusa ba tare da jiran gari ya waye ba, a tafi da ragowar abin da ya sha ko reshen tsiron. Addu'a ana yin ta a hanya. A asibiti akwai ruwan ƙari, da allurar kwantar da fizge-fizge, da robar fitar da fitsari idan ya tsaya.

Idan kwana uku ko huɗu sun wuce yana ci gaba da jin muryoyi ko zargin mutane, to abin ya wuce dafin da ya sha, sai likitan ƙwaƙwalwa. Ana iya farawa daga Birnin Kebbi, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato. Sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairu 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ɗauki mai irin wannan lalura a matsayin majinyaci mai haƙƙi.

Aikin aji

Ku rabu gida biyu. Rukuni na farko ya zana niyuron biyu da ratar da ke tsakaninsu, ya nuna inda LSD ke sauka da abin da ke biyo baya. Na biyu ya yi haka da zaƙami. Daga nan kowa ya amsa a littafinsa:

1. Me ya sa wanda ya sha zaƙami ba ya tuna abin da ya yi?
2. An kawo mutum biyu, ɗaya yana gumi yawu na zuba, ɗaya jikinsa a bushe da zafi. Wanne ne ake zargin maganin feshi, kuma me ya faru da asetilkolin a jikin kowannensu?
3. Ƙanenka ya nuna maka labari a waya cewa irin waɗannan magunguna na gyara ƙwaƙwalwa. Waɗanne tambayoyi uku za ka yi masa game da labarin?